Man Injin Kwale-kwale: Na Kamfanin Inji Ko Na Kasuwa?

Duk mashigin da ake fito da kwale-kwale mai inji, daga Yawuri da Wara a bakin tafkin Kainji zuwa Baga a gaɓar tafkin Chadi, har can Yeji ta ƙasar Gana, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin masu jirage. Wani zai rantse maka cewa in ba Yamalube ba, babu man da zai shiga tankinsa, tunda injinsa Yamaha ne, kuma wanda ya ƙera abu shi ya san cimarsa. Wani ya ce wannan duk dabarar 'yan kasuwa ce, mai dai mai ne, kuɗin suna kawai ake biya. Na uku kuwa ba ya ma tsoma baki. Duk abin da mai tebur ya auna masa a gora shi yake tuttulawa cikin fetur, ya girgiza jarka, ya ja igiya, ya ɗebi fasinja.

Biyun farko kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma ana iya sasanta su. Na ukun shi ne abin damuwa, domin shi ne ya fi kusa da ganin injinsa ya mutu a tsakiyar gulbi, ga mata da yara a cikin jirgi. Abin takaici kuma, sau da yawa maganar na biyu ce take ba shi ƙwarin gwiwa. Ya ji an ce mai duk ɗaya ne, sai ya ɗauka har da wanda ba a san asalinsa ba.

Kafin a raba gardamar, sai an san aikin da man yake yi. Yawancin injinan da ke aiki a ruwayenmu masu bugu biyu ne, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, waɗanda ake haɗa musu mai da fetur a jarka ɗaya. Irin wannan inji ba shi da wurin ajiyar baƙin mai a ƙarƙashinsa yadda mota take da shi. Man da aka zuba cikin fetur yana bi ta kafireto, ya shiga cikin inji a matsayin feshi, ya shafi boris da karanshaf da bangon silinda, daga nan ya ƙone tare da fetur, hayaƙin ya fita ta cikin ruwa. Wato ana neman abu biyu a wurinsa a lokaci guda: ya hana ƙarfe cin ƙarfe a ɗan taƙin da yake wucewa, sannan in ya ƙone kada ya bar datti a baya. Kuma duk wannan nauyi yana wuyan ɗan mai kaɗan ne, domin a haɗin da aka fi sani, lita 50 ta fetur lita 1 ta mai take ɗauka. Kashi 2 cikin 100 ke nan, a injin da karanshaf ɗinsa yake juyawa kusan sau 5,000 a minti ɗaya in an buɗe masa wuta.

A nan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa yake shigowa. Mutum ya ga gora an rubuta mata 2T, sai ya ce ai shi ke nan, man inji mai bugu biyu ne. To amma man 2T na babur da ƙaramin janareta da injin yankan katako an haɗa shi ne domin injin da iska take sanyayawa. Irin wannan inji yana ɗaukar zafi ƙwarai, shi ya sa ake zuba wa mansa sinadaran wanke datti masu ɗauke da ƙarfe, galibi kalsiyam, waɗanda suke jure zafi. In sun ƙone sukan bar toka. A babur wannan ba ya cika zama matsala, saboda zafin yana da yawa, gudun kuma yana hawa yana sauka, tokar takan samu ta fice. Injin jirgi kuwa ruwan gulbi ne yake zagaya shi, zafinsa bai kai na babur ba, kuma yakan yi awa biyu ko uku a kan wuta ɗaya da kaya niƙi-niƙi. Sai tokar ta riƙa taruwa a kan fistin da bakin fulogi. Da farko fulogi ne zai fara mutuwa akai-akai. In aka ci gaba, guntun dattin nan yakan zama garwashi a cikin silinda, ya kunna fetur tun kafin fulogi ya ba da wuta, fistin yana hawowa wuta tana danna shi ƙasa. Wannan yana iya huda kan fistin. Saboda haka man injin ruwa na gaskiya ana haɗa shi ne da sinadaran da ba sa barin toka ko kaɗan. Duk gorar da ba a rubuta mata komai ba sai JASO FB ko FC ko FD ko API TC, ta injin tudu ce, komai kyawunta da tsadarta.

Dattawan masu jirgi sukan ce ai su a da baƙin man mota suke haɗawa, kuma injinan suna aiki. Ba ƙarya suka yi ba. Ko a Amurka, inda Ole Evinrude ya fara ƙera injin kwale-kwale na sayarwa a 1909, an daɗe ana haɗa fetur da man mota mai lamba 30, kashi 1 cikin 24 ko ma fiye da haka kauri, kuma kamfanonin ne da kansu suke ba da wannan umarni. Sai dai injinan wancan zamani ba su da ƙarfin na yanzu, hayaƙinsu kamar me, goge fulogi kuma aikin kullum ne. Baƙin man motar ma ya canja. Na yau cike yake da sinadaran da aka zuba masa don ya daɗe yana zagayawa a cikin inji, ba a yi shi don a ƙona shi ba. In an ƙona shi sai ya bar gawayi mai tauri a ramin ringi, ringi ya maƙale, inji ya rasa ƙarfi, wuta ta riƙa zurarewa ta gefen fistin tana ƙona ɗan man da ke jikin silinda. Ƙarshen wannan hanya kowane bakanike ya san shi: inji ya buga.

Alamar da za a nema a jikin gora ita ce TC-W3. Wannan ma'auni ne na wata ƙungiya ta masu ƙera jirage da injinan ruwa a Amurka da ake kira NMMA, ya fito a farkon shekarun 1990, ya maye gurbin TC-W da TC-WII da suka gabace shi. Kafin a ba wani haɗin mai wannan shaida sai an gwada shi a ɗakin gwaji, a ga yadda yake gauraya da fetur, da yadda yake hana tsatsa, da ko yana toshe matacin mai. Sannan a zuba shi a injinan jirgi na gaske, daga mai doki 15 zuwa mai doki 70, a bar su suna aiki awanni masu yawa, a kwance su, a duba ringi da fistin. Wanda ya ci jarrabawa sai a ba shi lambar rajista mai farawa da RL, ya buga ta a jikin gora tare da tambarin ƙungiyar. Jerin sunayen man da aka amince da su yana nan a shafin ƙungiyar na intanet, ana sabunta shi, duk mai wayar hannu yana iya dubawa. Ya kamata a lura da wani wayo da ake yi. Akwai gorar da za a rubuta mata cewa man ya dace da injin da ke buƙatar TC-W3, amma babu tambari, babu lamba. Wannan mai kaya ne yake yabon kayansa, babu wanda ya shaide shi.

To, tunda akwai wannan ma'auni, ina bambancin man kamfanin inji da na sauran kamfanoni? Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Yamaha da Mercury da Suzuki da Tohatsu babu mai rijiyar mai ko matata a cikinsu. Injina suke ƙerawa. Man da ke ɗauke da sunansu, kamar Yamalube na Yamaha da Quicksilver na Mercury da Ecstar na Suzuki, kamfanonin mai ne suke haɗa musu bisa ƙa'idar da suka gindaya. Sinadaran da ake zubawa kuwa, yawancin na duniya daga hannun kamfanoni ƙalilan suke fitowa, irin su Lubrizol da Infineum da Chevron Oronite da Afton. Daga wannan kasuwa ɗaya kowa yake sayayya, da mai babban suna da ƙaramin kamfani. Lamarin ya yi kama da na Panadol da farasitamol: wanda duk ya sayi farasitamol na ƙwarai mai lambar NAFDAC ya san zai sauke masa zazzaɓi, ko da kwalinsa bai yi suna ba. Littafin da ke zuwa da injin Yamaha mai bugu biyu ma ya faɗi haka da kansa. Ya ce a yi amfani da Yamalube, in ba a samu ba a sa wani man da yake da shaidar TC-W3.

Duk da haka ba zan ce duk man da ya sami shaidar ɗaya suke ba. TC-W3 iyaka ce ta ƙasa, wadda in mai bai kai ta ba bai cancanci shiga inji ba. Wani yana tsallake ta da ƙyar, wani yana wuce ta nesa. Kamfanin inji yakan nemi a ƙara masa sinadarin wanke gawayi, kuma yana gwada man a kan injinansa na kansa, domin in inji ya lalace sunansa ne zai ɓaci. Manyan kamfanonin mai ma suna da nasu na ruwa masu kyau, kamar Nautilus na Shell da Neptuna na TotalEnergies, ga na Castrol da Motul. Waɗannan babu mai cewa sun gaza na kamfanin inji. A ganina, mai tsohon inji na kafireto, wanda ake haɗa masa mai a jarka, in ya sami man TC-W3 na gaske daga kamfanin da aka sani, ya kuma auna shi daidai, bai cuci injinsa ba, kuma babu dalilin da zai sa ya ji kamar ya yi ƙwauro.

Akwai wurare biyu da nake ganin biyan kuɗin man kamfani ya dace. Na farko sabon inji da ke cikin wa'adin garanti. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai mutum ya yi amfani da man wani kamfani. Wannan dokar tasu ce, ba ta aiki a Kwara ko Binuwai. A nan abin da ke rubuce a takardar dila shi ne abin riƙo, don haka a tambaye shi tun ranar saye, a kuma riƙa adana rasiɗin mai. Na biyu injinan zamani masu bugu biyu da kwamfuta take fesa musu fetur kai tsaye cikin silinda, irin su OptiMax na Mercury da HPDI na Yamaha da E-TEC na Evinrude, wanda aka daina ƙerawa a 2020 amma tsofaffinsa suna yawo a kasuwar kayan gwanjo. Waɗannan suna shan mai kaɗan ƙwarai, silindarsu ta fi zafi, kuma an yi musu mai na musamman. Wanda ya mallaki irinsu ya bi abin da littafinsu ya ce, kada ya yi gwaji.

Yanzu sai babbar matsalar kasuwarmu, wadda gardamar Turawa a kan wannan batu ba ta cika taɓawa ba. Su can in mutum ya ɗauki gora a kanti, abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Mu a nan sunan da ya fi tashe shi aka fi yi wa jabu, domin mai yin jabu riba yake nema, ba zai ɓata lokacinsa a kan sunan da ba a tambaya ba. Ana tsince gororin da aka yar a bakin ruwa, a wanke, a ɗura musu ɗanyen man da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, ko juyayyen baƙin man mota da aka tace, a ɗiga launi, a mayar da marfi. Saboda haka mutumin nan da ya rantse ba ya sayen komai sai Yamalube, in a tebur yake saye a rabin farashi, yana iya zama shi ne ya fi kowa zuba wa injinsa guba, yana kuma alfahari da hakan.

Launi ba shaida ba ne. Shuɗi ko kore ko ja da ake gani a man inji mai bugu biyu rini ne kawai, an sa shi ne don mutum ya gane ko ya riga ya haɗa fetur ɗinsa. Kauri ma ba shaida ba ne, kuma nan ne ake yaudarar mutane da yawa. Za ka ga mai saye ya ɗiga mai a yatsa, ya murza, ya ja ya ga yauƙi, ya ce wannan shi ne mai jiki. Alhali man TC-W3 na gaske da gangan ake tsinka shi don ya gauraya da fetur nan take. Wanda ya yi kauri, ya kwanta a gindin jarka sai an yi ta girgizawa, shi ne abin zargi, domin in bai gauraya sosai ba inji zai sha fetur tsura a wani lokaci, ya sha mai zalla a wani lokaci. Abin da ya fi amfani a duba shi ne marfin, ko zobensa a haɗe yake bai taɓa tsinkewa ba. Da rubutun, ko ya fita sarai babu kuskuren haruffa. Da lambar rukuni da kwanan wata, ko na jikin gora ya yi daidai da na kwali. A Najeriya kayan da aka haɗa a gida suna ɗaukar alamar MANCAP ta hukumar SON, na shigowa kuma suna bi ta tsarin SONCAP. Su ma waɗannan alamomi ana kwaikwayonsu, shi ya sa mafi ƙarfin shaida ita ce inda aka sayo: dilan da kamfani ya sani, ko gidan mai na kamfanin da ya yi man. Man awo kuwa, wanda ake ɗiba daga jarkar da ba ta da suna, ba ni da wata shawara a kansa face a bar shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, mai jirgi yana kashe abin da bai taɓa kashewa ba kafin ya tayar da inji, fasinja kuma ba sa iya biyan kuɗin fito yadda ya kamata. Duk inda mutum zai rage kashe kuɗi, nema yake. To mu yi lissafi. Jarka mai lita 25 rabin lita take ɗauka na mai. Mu ɗauka, don misali, fetur ɗin jarkar ya tashi naira 25,000, litar man ƙwarai naira 10,000, ta man tebur naira 5,000. Mai sayen na ƙwarai ya kashe 30,000 a jarka, mai sayen na tebur ya kashe 27,500. Abin da ya tsira da shi bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kuma ko wannan ba ya zama a aljihunsa, domin injin da ringinsa ya fara maƙalewa ya fi shan fetur a tafiya ɗaya, ga sayen fulogi. Ranar da inji ya buga kuwa, sai fistin da ringi da boris da gaskit, wani lokaci har karanshaf, ga kuɗin bakanike, ga kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure ana jiran kaya daga Onica ko Legas, watakila a tsakiyar kakar kifi. Araha ba ta ado. Wurin da ragin kuɗi yake da ma'ana shi ne tsakanin man kamfanin inji da wani man TC-W3 na gaske mai sauƙin farashi. Wannan ragi ne na halal, babu hasara a bayansa.

Ko an sami mai mafi kyau a duniya, in awo ya ɓaci an yi aikin banza, kuma ina ganin injinan da rashin awo ya kashe ba su gaza waɗanda jabu ya kashe ba. A haɗin kashi 1 cikin 50, kowace lita ta fetur tana ɗaukar mililita 20. Lita 10 mililita 200 ke nan, lita 20 mililita 400, lita 25 kuma rabin lita, wato cikin gorar ruwa mai sentilita 50. Sabon inji, ko wanda aka sake wa fistin da ringi, yawanci ana ninka masa mai a awanni 10 na farko, kashi 1 cikin 25, kuma ba a buɗe masa wuta duka a wannan lokaci. Akwai kuma wasu ƙananan injina da kamfani ya ce kashi 1 cikin 100 ya ishe su. Littafin inji ko takardar da ke manne a jikinsa ita ce alƙali. A lura kuma da cewa jarkar da ake kira ta 25, in an cika ta har wuya takan wuce haka, don haka mai ƙiyasi da ido yakan rage wa injinsa mai bai sani ba. A fara zuba fetur kaɗan, a sa mai, a girgiza, sannan a cika. Masu cewa a ƙara mai don inji ya ji daɗi su ma suna da gyara: yawansa yana kawo hayaƙi da gawayi da jiƙewar fulogi. A Gana gwamnati ta daɗe tana sayar wa masunta fetur da aka riga aka haɗa da mai, mai launin shuɗi, a farashi mai rangwame. Wanda yake amfani da wannan ya sani cewa akwai mai a ciki tun daga tushe.

Inji da kansa yana ba da labarin man da ake ba shi, in za a saurara. Bayan an ƙona jarka biyu ko uku da sabon mai, a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. In ya yi baƙi yana naso, ko mai ya yi yawa, ko ba ya ƙonewa da kyau, ko kafireto yana buƙatar gyara. In kuwa aka ga wani farin ɓawo ya daskare a kansa, toka ce, alamar man tudu ne ko na mota, sai a canja tun kafin ta kai ga fistin. Wani abin da ke ƙara taruwar gawayi shi ne al'adar cire tamostat da wasu bakanikai suke yi, wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarsa. Injin da aka cire masa shi ba ya kai zafin da aka tsara masa, mai ba ya ƙonewa sarai, sai a ɗora wa man laifin da ba nasa ba.

Injina masu bugu huɗu sun fara yawa, musamman a jiragen hukumomi da na masu hali, saboda sun fi tsimin fetur. Su ba a haɗa musu mai da fetur. Suna da wurin baƙin mai kamar mota, kuma shaidar da ake nema a nasu ita ce FC-W, daga ƙungiyar nan dai ta NMMA. Man mota yana iya tayar da su, amma na ruwa an ƙara masa maganin tsatsa saboda danshin da inji yake zaune a ciki, an kuma gwada shi ya riƙe kaurinsa ko da fetur ya ɗan zurara cikinsa, abin da yake yawan faruwa ga injin da ke daɗewa a ƙaramar wuta. Lambar kauri, ko 10W-30 ko 10W-40 ko 25W-40, littafi ne zai faɗa. Juyen farko bayan awa 20 ne, daga nan duk awa 100, tare da matacin mai. Jirgin haya da ke aiki kullum yana cinye awa 100 cikin 'yan makonni, don haka mai jiran shekara ta zagayo ya makara.

Akwai kuma man da kusan kowa yake mantawa da shi, na giyar da ke ƙasa kusa da farfela. Mai bugu biyu da mai bugu huɗu duk suna da shi, yawanci mai lamba 90. Maƙiyinsa zaren kamun kifi ne. Guntun koma ko zaren mamari yakan naɗe a bayan farfela, ya ci robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga giya. In aka kwance ƙusar ƙasa aka ga man ya fito fari-fari kamar an dama, ruwa ya shiga, sai a canja robar kafin a zuba sabo. Ana ɗura shi ne daga ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, don kada iska ta maƙale a ciki. Cire farfela a duba bayanta aikin minti kaɗan ne.

Wani dalilin da ya sa wannan magana ta wuce batun aljihun mai jirgi shi ne ruwan kansa. Inji mai bugu biyu na kafireto yana zubar da wani kaso na haɗinsa a ruwa ba tare da ya ƙone ba, abin da yakan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka ne aka hana amfani da irinsa a tafkin Tahoe na Amurka tun 1999. Mu ba mu da halin yar da namu, da su ake kai marar lafiya asibiti, da su ake kai hatsi da kifi kasuwa. Amma abin da muka zuba a tanki, wani ɓangarensa yana komawa ruwan da ake kama kifi a ciki, ake wanka, ake ɗiba a sha. In juyayyen baƙin man mota ne, to da ɓurɓushin ƙarfe da duk dattin da ya kwaso daga injin mota yake shiga. Ga kuma rayuka. Jirgin da injinsa ya mutu lokacin cikar ruwa, ko ana tsaka da iska a tafki, juyawa yake ya ba igiyar ruwa gefensa, filafili ɗaya ko biyu kuma ba sa iya riƙe babban jirgi mai lodi.

Mai jirgi ɗaya da ke ƙauyen da babu dila ba zai iya yin tafiyar yini guda don sayen gora biyu ba, kuma wannan rauni ne mai jabu yake ci da shi. Amma kusan kowane mashigi yana da ƙungiyar masu jirage, da sarkin jirgi ko sarkin ruwa da ake jin maganarsa. In suka haɗa kuɗi, mutum ɗaya amintacce ya je wurin dila ko gidan man kamfani ya sayo katan-katan da rasiɗi, farashin sari zai sauko kusa da abin da suke biya a tebur, kuma kowa ya san abin da yake zubawa. A ajiye kofin awo mai lamba a wurin da ake haɗa fetur, a koya wa yaran jirgi amfani da shi, tunda galibi su ne suke haɗawa ba masu jirgin ba. Gorar da ta ƙare kuma a huda ta ko a yanka ta gida biyu kafin a yar, don kada gobe ta dawo kasuwa cike da wani abu dabam.